Yadda Ake Raba Lambu da Ɓeraye Ba Tare da An Ɓata da Maƙwabci Ba

Duk mai ɗan lambu a bayan gida ya san wannan takaici: tumatir ya fara ja da yamma, ka ce gobe za ka tsinka, gari ya waye ka tarar an ƙwaƙule gefensa an bar ɓawo a rataye. Ko ka binne irin gyaɗa da masara, bayan kwana biyu ka ga an bi layi an tone su ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina wannan aiki, a lambuna da na 'yan'uwa, kuma abin da na tabbatar shi ne ɓera ba ya zama sai inda ya samu abinci da ruwa da maɓuya. Sau da yawa biyu daga ciki suna gidanka, na ukun yana bayan katanga, a gidan maƙwabci. Shi ya sa aikin ya kasu biyu, na ɓera da na mutum. Wanda ya fara da buga ƙofar maƙwabci kafin ya gyara nasa, to ya ɓata duka biyun. Ka bi matakan a jere yadda na tsara su.

Kayan aiki

- Tarkon ƙarfe mai kamawa, babba, aƙalla guda shida, in da hali goma. Ƙaramin tarkon ɓeran ɗaki ba ya riƙe ɓeran lambu, sai dai ya ji masa ciwo ya koya masa gudun tarko.
- Tarkon keji guda ɗaya, in akwai gafiya. Maƙera da masu walda suna ƙerawa.
- Ragar waya mai ƙananan idanu, kamar milimita 6, irin wadda magina ke tankaɗe yashi da ita. Wayar kaji idonta ya yi faɗi, ragar sauro kuwa dare ɗaya za a yaga ta.
- Siminti, yashi, tsakuwa ko fasasshiyar kwalba, da soson waya na wanke tukunya.
- Shebur, manjagara, adda, da tocila mai haske.
- Safar hannu ta roba, takunkumi, ledoji masu kauri, da ruwan bilic.
- Duro ko babban bokiti mai murfi, na ajiye dusa da abincin dabbobi.
- Toka ko garin rogo kamar gwangwani biyu, na gano sawu.
- Abin ɗana tarko: ƙuli-ƙuli, busasshen kifi, tunkuza, ko daddawa.

Ban sa guba a wannan jerin ba, kuma da gangan ne. Za mu zo kanta can ƙasa.

Mataki na 1: Gano wanda ke yi maka ɓarnar

Kada ka sayi komai sai ka san da wa kake faɗa. Da magariba ka barbaɗa toka siririya a gindin katanga, da bakin rariya, da kewayen fangalin da ake ci. Da sassafe, kafin kaji su fito, ka zo ka karanta. Sawu ƙanana da jan wutsiya a tsakiya, ɓera ne. Sawu manya da tarin ƙasa a bakin rami mai faɗin da dunƙulen hannu zai shiga, gafiya ce, wadda wasu ke kira burgu. Gafiya kan wuce kilo guda, tana da farin rabin wutsiya, kuma ita ɗiba take yi a kumatu ta kai rami, shi ya sa za ka ga dankali ko gyaɗa sun ɓace gaba ɗaya ba tare da ragowa ba. In kuwa ɓarnar da rana tsaka ake yi, ka fi zargin kurege ko tsuntsaye.

Jaɓa fa, ka ƙyale ta. Mutane suna kashe ta saboda wari da tsiwa, alhali ƙwari da kyankyasai da tsutsotsi take ci, ba ruwanta da tumatirinka.

Duk ramin da ka gani, ka cusa masa tsohuwar takarda ka rufe da ƙasa kaɗan. Wanda aka buɗe kafin safiya, akwai mai shi a ciki. Wanda ya kwana uku a rufe, kango ne. Gargaɗi: kada ka taɓa zura hannu cikin rami, ko da safar hannu. Maciji yana son ramin ɓera, kuma inda ɓeraye suka yawaita shi ma yana nan kusa.

Sannan ka ɗauki tocila bayan isha'i ka tsaya shiru na ɗan lokaci. Ka lura ta ina suke shigowa: ta rariya, ta saman katanga, ta reshen bishiya, ko ta ƙarƙashin tushen gini. Hanyar da suke bi kullum takan yi baƙin maiƙo a jikin bango. Wannan binciken shi zai ba ka abin faɗa in ka je wurin maƙwabci, maimakon zargi na baka kawai.

Mataki na 2: Gyara naka tukuna

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka zagaya gidanka da idon baƙo, ka nemi abin da ke kiran su.

Abinci: ragowar tuwo da ƙanzo da ake zubarwa a gindin shuka da sunan taki, dusar awaki a buhu, tsabar kaji da tattabaru da ta kwana a ƙasa, gwaiba da mangwaro da suka faɗo suka ruɓe, hatsin da aka shanya aka manta. Dusa da abincin kaji su koma cikin duro mai murfi. A ba kaji abin da za su cinye kafin faɗuwar rana, a share ragowar. In kana haɗa takin shara, ganye da ciyawa da kashin dabbobi kawai za su shiga, ban da dafaffen abinci, ban da ƙashi da kan kifi. Ka riƙa juya takin duk mako, domin ɓera ba ya gida a inda ake yawan tayar masa da hankali.

Ruwa: famfo mai ɗiga, kwatar da ta toshe, kaskon ruwan kaji. Ka mayar da ban-ruwa safiya, ƙasa ta tsane kafin dare. A lokacin rani wannan kaɗai yana rage su ƙwarai, don lambunka ne kawai wuri mai laima a duk layin.

Maɓuya: tarin itace, bulo, tsofaffin tayoyi, kwanon rufi da aka jingine, ciyawar da ta rufe gindin katanga. Itace da katako a ɗaga su a kan dakali ko bulo kamar rabin mita daga ƙasa, a janye su daga jikin bango yadda mutum zai wuce ta baya. A share gindin katanga tas, a bar fili kamar taku biyu babu shuka. Kabewa da dankalin Hausa masu yaɗo a ƙasa suna ba su rufi mai kyau, don haka ka ɗaga kabewa kan rumfa, dankali kuma ka nisanta shi da bango.

Kada ka cinna wa ciyawa wuta don korar su. Ɓera ba ya tsayawa ya ƙone, cikin ɗakuna zai gudu, naka da na maƙwabta. Haka nan kada ka zuba fetur ko kalanzir a rami. Tura ruwa cikin ramin da ke gindin katangar ƙasa shi ma haɗari ne, yana iya zaunar da katangar, kuma in ta tarayya ce tsakaninka da maƙwabci ka ɗauko wa kanka wata rigimar.

Mataki na 3: Toshe hanyoyi

Ɓera matashi yana wucewa ta ramin da babban yatsanka zai shiga, ƙaramin ɓeran ɗaki kuwa inda fensir ya shiga ya ishe shi. Ƙananan ramuka a cusa musu soson waya sannan a shafe da siminti. Manya a kwaɓa siminti da tsakuwa ko fasasshiyar kwalba. In babu siminti, laka mai ƙarfi da aka cakuɗa da kwalba tana riƙewa zuwa damina, amma sai an riƙa dubawa.

Rariya ita ce babbar ƙofa, kuma ita aka fi mantawa. A yanka ragar waya a kafa ta a bakin rariya da siminti ta ɓangarenka. Amma ka kula: in ruwan gidan maƙwabci ta nan yake bi, kada ka toshe masa hanya da sunan maganin ɓera. Raga za ka sa, kuma kai za ka riƙa cire ledar da ta maƙale, musamman da damina.

Reshen da ya taɓa katanga ko rufin ɗaki a sare shi a bar tazarar kamar mita ɗaya. Bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kamar gwanda ko dabino, ana naɗa mata langa-langa mai santsi a jiki, faɗin rabin mita, sama da ƙasa kaɗan, sai hawa ya gagara. Reshen da ya tsallako daga gidan maƙwabci kuwa kada ka sare sai ka nemi izini, ka ajiye maganarsa zuwa mataki na 5.

Ramukan da ka tabbatar akwai mai shi a ciki, bar su a buɗe tukuna. In ka toshe yanzu, sabon rami za su tona a inda ba ka sani ba. Sai an gama ɗana tarko za a cike su.

Mataki na 4: Ɗana tarko

A nan mafi yawan mutane suke kuskure. Su sayo tarko ɗaya, su ɗana a tsakiyar fili, su kama ɓera ɗaya ko su rasa, sai su ce tarko ba ya aiki. Ɓera yana tsoron sabon abu, yana iya kwana biyu ko uku yana kewaye shi. Kuma ba ya son tsakiyar fili, jikin bango yake bi.

Ga yadda ake yi. Daren farko zuwa na uku, ka ajiye duka tarkunan da abinci a kai, amma kada ka ɗana ko ɗaya. Ka sa su a kan hanyar da toka ta nuna maka, bakin tarkon yana fuskantar bango, a gicciye, yadda mai bin bango dole ya bi ta kansa. Tazarar taku uku zuwa biyar tsakanin kowanne. Inda aka fi cinkoso ka jera biyu kusa da juna. In ka ga ana cinye abincin dare biyu a jere, to sun saki jiki. Daren da ya biyo baya ka ɗana su duka a lokaci ɗaya. A wannan daren za ka yi kamu mafi yawa.

Abincin ya zama ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa, kuma a ɗaure shi da zare ko siririyar waya, don sai ya ja da ƙarfi tarkon zai tashi. A ganina ƙuli-ƙuli da aka ɗan gasa ya fi komai, sai kan busasshen kifi, sai dai kifi yana jawo kyanwa da tururuwa. Shi kansa tarkon a ɗaure shi da waya a jikin turke ko bulo, kada babban ɓera ya ja shi ya shige rami.

In akwai yara ko kaji a gidan, ka kifa tsohon bokiti ko kwali mai kauri a kan kowane tarko, ka huda ƙofa biyu a gefe da gefe daidai wucewar ɓera, ka danne da dutse. Ko kuma ka ɗana bayan kowa ya shiga, ka kwance da asuba.

Gafiya tarkon keji take so. A sa shi a bakin raminta da yankan dankali ko gyaɗa mai ɓawo, a rufa masa tsohon buhu a sama ya yi duhu.

In ba ka da kuɗin tarko da yawa, ga dabara: ka samu dogon bokiti, ka huda gefe biyu na bakinsa, ka zura sandar ƙarfe ta cikin gwangwanin madara yadda zai riƙa juyawa, ka shafa masa tunkuza, ka zuba ruwa zuwa rabin bokitin, ka jingina katako ya zama matakala. Yana kama ƙananan ɓeraye sosai. Amma a zubar da ruwan kowace safiya, kada a bar shi inda yaro mai rarrafe zai kai.

Tarkon gam ba na ba da shawararsa a lambu. Ƙura tana kashe ƙarfinsa, yana kama ƙadangaru da tsuntsaye, kuma dabbar takan daɗe tana wahala kafin ta mutu. Addini ya halatta kashe ɓera, amma ya yi umarni da a kyautata kisa, a gaggauta shi, ya kuma hana azabtarwa da wuta. Wanda ka samu da rai a tarko, ka gama da shi nan take.

Kyanwa tana taimakawa wajen ƙananan ɓeraye, ba ta cika tunkarar manya ba. Mujiya kuwa, wadda ake jifa saboda camfi, ɓera ne babban abincinta. In tana zuwa bishiyarka da dare, ka hana yara harbinta.

Ka ci gaba da ɗanawa har sai an yi mako guda babu kamu, babu sawu a toka. Sannan ka cike ramukan da tsakuwa da ƙasa ka daddage.

Mataki na 5: Zuwa wurin maƙwabci

Idan ka yi duk wannan amma bayan mako biyu ko uku suka dawo ta hanya ɗaya, to gidansu yana bayan katanga. Ɓera yana haihuwa bayan cikin mako uku kacal, 'ya'yan kuma su fara nasu cikin wata uku, don haka duk yawan kamunka, muddin akwai juji ko dusa a buɗe a can, wasu za su maye gurbi.

Kafin ka tashi, ka tambayi kanka wane irin maƙwabci ne, domin ba duk mai wuyar sha'ani ne mai taurin kai ba. Akwai dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, ba shi da mai share masa. Akwai mai kiwon kaji ko mai sana'ar jari-bola, wanda abin da kake kira shara shi ne abincin iyalinsa. Akwai ɗan haya da ke ganin gyara aikin mai gida ne. Akwai kango da mai shi yake wani gari. Sannan akwai wanda kawai ba ya son a faɗa masa. Kowanne da ƙofar da ake shiga masa.

Ka zaɓi lokaci. Ba ranar da ka tarar da ɓarna ranka a ɓace ba, ba ta saman katanga ba, ba a majalisa gaban mutane ba, kuma ba aiken yaro ba. Ka yi masa sallama bayan la'asar ko bayan isha'i, ku keɓe a zaure, ku gaisa sosai, ka tambayi iyali. In ka haɗa da ɗan kwanon tumatir ko alayyafo daga lambun, ya fi. Sannan ka shigo da maganar a matsayin damuwar ku biyu:

"Alhaji, wata 'yar matsala ce ta dame ni na ce bari in zo mu yi shawara. Ɓeraye sun yi mana yawa a layin nan. Ni na share nawa ɓangaren, na ɗana tarko, amma na lura ta rariyar nan ta tsakaninmu suke kai da komo. Ko ku ma suna damunku?"

Kusan kowa zai ce suna damunsa, domin mai kaji ya fi ka asara: suna cin dusa, suna shan ƙwai, suna kashe 'yan tsaki. Daga nan sai ka roƙi abu ɗaya tak, ƙarami, wanda zai iya yi a makon, kuma ka kawo naka tallafin:

"Ina da tarkuna, in ba damuwa in ba yaran nan guda huɗu mu ɗana dare ɗaya, ku ta can mu ta nan. Akwai kuma wani duro da ba na amfani da shi, ya dace da dusa."

Kalmomin da za ka kiyaye su ne "ƙazanta", "gidanka ne", da "na gaya maka". Da zarar mutum ya ji ana kiran gidansa da ƙazanta, maganar ɓera ta ƙare, ta koma ta mutunci, kuma wannan ba ta warkewa da wuri. In dattijo ne, ka ce, "Baba, a ba ni izini in turo yara ranar Asabar su kwashe tarkacen nan na baya." Ka biya mai kwasar shara da kanka in kana da hali. Kuɗin bai kai na tumatirin da kake asara ba. A Kano, inda ake tsaftar muhalli a Asabar ta ƙarshen wata, ranar tana ba da dalili mai kyau, ba wanda zai ji an ware shi.

Sau da yawa kuma maganar ta fi tafiya ta cikin gida. Dusa da shara da wanke-wanke a hannun mata suke, kuma in uwargida ta shiga ta ce, "Hajiya, ni fa tsoron zazzaɓin nan nake ji wa yara, ga su kullum tare suke wasa," abin da maza za su yi wata suna ja sai a gama shi da yamma ɗaya.

In ɗan haya ne, ku je wurin mai gidan ko wakilinsa tare, kada ka zagaye shi ka kai ƙararsa. In kango ne, mai unguwa ya san mai shi.

Mataki na 6: In ya ƙi

Ka ba shi mako biyu, ka ci gaba da gaisuwa yadda kuka saba. Sannan ka koma, wannan karon da wanda yake jin nauyi: limamin masallacinku, ko wani dattijo, ko amininsa. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Wannan ya hau kansa, ya kuma hau kanka, saboda haka ka bar liman ya faɗa, kai kada ka mayar da hadisi sandar duka.

In wannan bai yi ba, sai mai unguwa, kuma ya fi kyau ku je ku biyu ko uku daga layin, don kada ta zama rigimar mutum biyu. Bayan mai unguwa akwai dagaci. In abin ya kai ga juji mai wari, ko masai da ya fashe, ko kwata da ke malala, wannan hurumin duba-gari ne na sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Suna da ikon shiga su duba, su ba da takardar gargaɗi da wa'adi, su kai kotu in an ƙi. Ka sanar da maƙwabcin kafin ka je, cikin ladabi: "Malam, na bi duk hanyar da na sani, zan nemi duba-gari su zo su duba mana gidajen duka, har da nawa." Kuma ka tabbata naka a gyare yake, domin za su duba.

Abubuwan da ba a yi, ko yaya ranka ya ɓaci: ba a jefa mushen ɓera ta katanga, ba a watsa guba gidan wani, ba a ɗaga waya a ɗauki hoton cikin gidan mutum inda iyalinsa suke, ba a kai maganar zauren WhatsApp na unguwa. Hoto daga ɓangarenka kawai: ramuka, sawu, ɓarnar shuka, da kwanan wata. In gubarka ta kashe masa kaji ko akuya, kai ne za ka biya, kuma mai gaskiya ya koma mai laifi.

Mataki na 7: Guba, in ta zama dole

Iri biyu aka fi samu a kasuwa. Akwai baƙar hoda mai warin tafarnuwa, wadda masu talla ke ƙullawa a leda, tana kisa cikin sa'o'i. Ba ta da makari, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe yaro. Ga shi ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba ba ya sake kusantarta. Ni ba na shigar da ita gidan da ke da yara, kuma ba na sayen kowace guba da ba ta da suna da lambar NAFDAC a jiki.

Iri na biyu shi ne mai tsinka jini, wanda ke zuwa a dunƙule ko ƙwaya-ƙwaya mai launi. Yana ɗaukar kwana uku zuwa mako kafin ya kashe, don haka ɓeraye ba sa gane shi. A asibiti ana da makarinsa, bitamin K1. In za ka sa, ka samu bututun roba mai faɗi, tsawon kamu biyu, ka ɗaure gubar da waya a tsakiyarsa, ka kwantar a jikin bango ka danne da bulo. Kada ta taɓa ƙasar fangali, kada a sa ta a kwano ko murfin da aka san shi da abinci. Ka ƙirga inda ka sa, ka kwashe ragowar in an gama. Ka faɗa wa maƙwabta kafin ka sa, su tsare kaji da kyanwa, domin wanda ya ci mushen shi ma gubar tana kama shi. Kowace safiya ka zagaya ka tsince gawa.

In yaro ya ci, a tafi asibiti nan take da kwalin ko ledar gubar, ko da yana wasansa lafiya. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai.

Mataki na 8: Kwashe gawa da kare lafiya

Wannan ba wurin sakaci ba ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke ɗauke da shi, wani iri mai nonuwa da yawa da ke zama a gonaki da kewayen gidaje. Ta fitsarinsa da kashinsa cutar ke shiga abinci ko ƙura. Ta fi tashi da rani, kuma Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da ta fi addaba. Da ido ba za ka bambance mai cutar da marar ita ba, saboda haka kowane ɓera ka ɗauke shi a matsayin mai ita.

Ka sa safar hannu da takunkumi. Ka haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, ka jiƙa gawar da tarkon da wurin, ka jira minti biyar zuwa goma. Ka ɗauka da shebur ko leda, ka ƙulle a leda biyu, ka binne a rami mai zurfin da kare ba zai tone ba, nesa da rijiya da fangali. In babu safar hannu, ka zura hannu cikin leda biyu, ka ɗauka, ka juye ledar a kansa. Kashin ɓera ba a share shi a bushe, sai an jiƙa. A wanke hannu da sabulu bayan an cire safar. Yara kada su yi wasa da mushe, kada kuma su yi farautar ɓera don ci.

Tumatir ko karas da aka gatsa, a zubar da shi gaba ɗaya, kada a yanke gefen a ci saura. Latas da duk abin da ake ci ɗanye a wanke shi sosai da ruwa mai tsafta. In wani a gidan ya yi zazzaɓin da maganin maleriya bai saukar ba, musamman da ciwon maƙogwaro, amai, ko zubar jini, a kai shi asibiti a faɗa musu akwai ɓeraye a gidan. Mai ciki kada a jira da ita ko kwana ɗaya. Lambar waya ta kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ita ce 6232.

Mataki na 9: In bayan katanga ya ƙi gyaruwa

Wani lokacin za ka bi duk hanyoyin nan maƙwabci bai sauya ba. Lambun bai mutu ba, sai dai ka ƙara tsaro a iyakarka. Ka haƙa siririn rami a bin katangar ta ɓangarenka, zurfin rabin mita, ka ɗan ja baya daga tushen gini kada ka raunana shi. Ka tsayar da ragar waya a ciki, ka lanƙwasa ƙasanta kamar kamu ɗaya ya fuskanci katangar, ka mayar da ƙasa ka daddage. Mai tonowa daga can zai ci karo da waya ta gaba da ta ƙasa.

Sabon fangali a shimfiɗa masa raga a ƙasa kafin a zuba ƙasa da taki. Irin da ake reno a ɗora shi kan tebur ko a kifa masa kejin waya da dare. Albasa da tafarnuwa da yakuwa da rama, waɗanda ba su cika damu da su ba, su koma layin katanga, masara da gyaɗa da dankali su dawo tsakiya inda ido ke kai. Tumatir a tsinke shi da ya fara sauya launi, ya ƙarasa nuna a ɗaki cikin kwando mai murfi.

Ka bar tarko biyu ko uku na dindindin a rufe a gindin katangar, kana sauya musu abinci duk mako. Sau ɗaya a wata ka sake barbaɗa toka, sannan ka ƙara sa ido a lokuta biyu: bayan girbi, lokacin da gonaki suka bushe ɓeraye suka nufo gari, da farkon damina, lokacin da ruwa ya cika ramuka da kwatoci. Tarkon da ya yi tsatsa a goge shi a ɗiga masa man gyaɗa a mahaɗa, ban da baƙin mai, don warinsa yana korar su.